Ɗan Fari da Sandunan Kiɗa

Ƙas-ƙas-ƙaras, ƙas-ƙas. Ƙarar da ta fara komai ke nan, kuma ba daga wani babban abu ta fito ba. Tsinken cin taliya ne guda biyu, irin wanda ake haɗo wa mutum a leda idan ya yi tapau, wato ya sayo abinci a waje ya taho da shi gida, suna sauka a kan murfin tukunyar shinkafa. Ina ɗaki ina ninke kaya na ji ta. Farkon kullen annoba ne, Kuala Lumpur da ban taɓa jin ta yi shiru ba ta yi tsit, har mutum yana jin kukan tsuntsaye daga can saman benenmu a Danau Kota. Da a ce lokacin da motoci ke gudu ne, da ban ji ba. Na leƙa kicin, sai na ga ɗana na fari a tsaye ya ba ni baya, abin jin sauti a kunnensa, yana jiran ruwan shayi ya tafasa, hannayensa suna aiki kamar ba nasa ba. Na daɗe ina kallo, fiye da yadda uwa irina take tsayawa kallon ɗan fari. Sannan na koma ɗaki na ci gaba da ninke kaya.

Ina rubuta wannan babi ne saboda maganar da har yau take yawo a dangi, wai zaman Malesiya ya cire min kunya, na ɗaure wa yaro gindi ya zama makaɗi, na kuma ja da mijina a gaban yayansa da mahaifiyarsa. Wasu daga cikin masu faɗar haka ko wayo ba su yi ba a shekarar. Ina so 'ya'yana da jikokina su ji daga bakina. Abin da na yi na yi shi da hankalina, bayan na yi salla na roƙi Allah zaɓi, kuma da za a mayar da ni wannan rana, haka zan sake yi.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da Alhaji, da yaran biyu. Alhaji yana sayen mayafai da dogayen riguna a shagunan Jalan Tuanku Abdul Rahman yana turawa Kantin Kwari, yana kuma aika wa ɗalibai kayansu gida. Ya tafi Kano raka kaya, da niyyar ya juyo nan kusa, sai aka rufe hanya yana can. Aka bar ni da Ilham, wadda a lokacin take shirin shiga sakandare, da yayanta da ke karatun injiniya a wata kwaleji kusa da mu.

Ni a Kura na tashi, a hannun Goggo, ƙanwar mahaifina, mace mai riƙon al'ada. A wurinta na koyi cewa ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, idan ya faɗi wani ne zai ɗaga shi, idan ana maganarsa ki sunkuyar da kai ko ki tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kuma duk wanda ya ce muku ƙiyayya ce bai san mu ba. Kara ce ake yi wa manya, ana nuna musu cewa yaron nasu ne, su ma kuma sai su rungume shi fiye da nasu. Haka aka yi. Daga yaye Hajiya, mahaifiyar Alhaji, ta ɗauke shi, bai dawo hannuna ba sai da za mu taho Malesiya yana firamare. Mukhtar aka raɗa masa, amma ni Ɗan Hajiya nake cewa idan ta kama dole, kuma mafi yawa ta bakin ƙanwarsa nake yi masa magana: Ilham, ce wa yayanki abinci ya sauka, Ilham, ce masa ana kiran salla. A Kano babu wanda zai ga baƙon abu a nan. Amma shi a cikin Malayawa ya girma, inda ƙaton saurayi yake sumbatar hannun uwarsa a bakin lif, ita kuma tana gyara masa wuyan riga tana kiran sunansa da ƙarfi kowa yana ji. Yana gani. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa yi masa bayani ba.

Kiɗan rok kuwa tun yana sakandare ya shiga ransa, kuma ba na zamaninsa ba. Wasu tsofaffin Turawan Ingila ne da suka girmi ubansa, masu gashi har kafaɗa, hotunansu a jikin ƙofar kwabarsa ta ciki inda Alhaji ba ya buɗewa. Ya san shekarar da kowane faifai nasu ya fito, da wanda ya bar ƙungiyar, da dalilin fushinsa. Yana da baƙaƙen riguna masu zanensu, da faya-fayen garmaho da yake tsintowa a shagunan tsofaffin kaya, da sanduna biyu da wani faifan roba da yake bugawa a kan cinyarsa don kada a ji. A shekarar ne tsofaffin suka ce za su yi zagayen ƙasashe na bankwana, kuma za su biyo ta Kuala Lumpur. Ya yi aikin hutu a kicin ɗin wani otal a Bukit Bintang, yana wanke tukwane, har ya sayi tikiti. Duk wannan ba shi ya faɗa min ba. Uwar da ba ta magana ido gare ta.

Da aka yi kulle sai aka ɗaga wasan. Bai damu sosai ba da farko, don ya sami abokin hira. Barandarmu tana kallon ta wani dattijo, Pak Cik Rahim. Pak Cik a bakinsu kamar a ce Baba ne ko Kawu. Tsohon direban tasi ne, kansa babu gashi ko ɗaya, shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙasan bene. An hana jam'i, amma an bar shi shi kaɗai ya sauka ya kira salla. Ashe da ƙuruciyarsa gashinsa har gadon baya, kuma yana da tsohuwar jita a ƙarƙashin gado. Ranar da ya hango baƙar rigar yaron a kan igiyar shanya, shi ke nan. Kullum bayan la'asar sai su fito, kowa a barandarsa, suna musu da Turanci haɗe da Malayanci, ni kuma ina daga ciki ina tsintar shinkafa ina ji.

"Ranar da mawaƙin farko ya fita, ranar ƙungiyar ta mutu lah," in ji Pak Cik. "Duk abin da suka yi bayan nan kasuwanci ne."

"Haba Pak Cik! Na biyun ya fi shi murya nesa ba kusa ba."

"Murya? Mai gwanjon kifi ma yana da murya. Ni fa na gan su da idona, ubanka ko gemu bai yi ba."

"Ka gan su, ko ka ga ƙeyar mutane daga layin baya?"

"Mara kunya! Dah makan? Ka ci abinci? Mak Cik, uwargidana, ta yi miyar kifi, ka zo bakin ƙofa ka ɗauka."

Da lokacin magariba ya ƙarato, sai dattijon ya katse ko a tsakiyar magana ne, ya sa hula da takunkumi ya sauka. Shi ma yaron ya shigo ya yi alwala. Na lura da wannan, na ajiye a raina.

Aka sake ɗaga wasan, aka kuma sake. Sai wata safiya labari ya zo cewa mai gangar ƙungiyar, wanda shi ne yaron yake kwaikwayo, cutar ta kama shi ya mutu, sauran kuma suka ce sun ajiye, babu sauran zagaye har abada. Wani zai ce, mene ne a mutuwar tsohon Bature da bai san da zamanka ba? Ni ma na faɗa a raina. Amma ba shi kaɗai ba ne. Karatu ya koma ta kwamfuta, abokansa sun watse, uba ba ya nan, kullum sai an ji jiniyar motar asibiti a ƙasa, abu ɗaya da ya rataya ransa a kai yana jira kuma ya tsinke. Yaron ya shige ɗaki. Ya daina fitowa baranda, Pak Cik ya yi ta kira ya gaji. Abinci yadda aka kai haka ake dawo da shi. Salla yana yi, amma a ɗaki, kuma ba na jin karatunsa. Gidan ya daina ƙas-ƙas, sai a lokacin na gane cewa da wannan ƙarar nake sanin lafiyarsa.

Wata rana bayan azahar na zuba tuwon shinkafa da miyar kuka, da sauran daddawar da nake ta tattali, na kira Ilham.

"Kai wa yayanki. Ki ce masa ya daure ya ci."

Ta dube ni, ta ƙi karɓar tiren. Yarinyar da ko da wasa ba ta taɓa yi min musu ba.

"Mama, na gaji lah. Kullum ce masa, ce masa. Ga ƙofar nan, ba Kano ba ce. Ni idan na shiga ko juyowa ba ya yi."

Na so in yi mata faɗa, sai na ga idonta ya ciko. Tsoro take ji. Na tsaya da tire a hannu a bakin ƙofar da ban taɓa shiga ba idan yana ciki. Na tuna Goggo, na tuna Hajiya. Sai na tambayi kaina: ita karar nan, wa ake yi wa? Manya ake yi wa, don su riƙe yaron. To ga yaron a kwance, manyan kuma suna bayan teku. Babu kaka, babu goggo, babu baffa a benen nan. Idan na yi kara, hannun wa na bar shi? Na yi bisimilla na tura ƙofa. Labule a sake, ɗakin yana warin rufi, yana kwance ya fuskanci bango, ya rame har ƙashin kafaɗarsa ya fito.

"Mukhtar," na ce.

Sunan ya yi min nauyi a baki kamar na ɗauko shi daga rijiya. Ya juyo a firgice, ya dubi bayana yana neman wanda ya yi maganar. Na ajiye tiren, na zauna a bakin gado.

"Tashi ka ci. In ka gama ka sa min in ji abin da mutumin nan yake bugawa, da har ya hana ka cin tuwona."

Bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ya ci loma kaɗan yana satar kallona. Sannan ya ɗauko wani faifai, ya goge shi da gefen riga, ya ɗora, ya rage sauti don kunyata. Da farko hayaniya kawai na ji, kamar ana faɗa a garejin makanikai. Na daure. Can sai jitar ta yi shiru, mawaƙin ya yi shiru, aka bar mai ganga shi kaɗai. Sai na ji abin da na sani. Lugude ne. Wallahi lugude ne, irin wanda muke yi a Kura idan ana dakan biki, mata uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, ta ukun ta wurga taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da an ɓata zubi ba. Mutum ɗaya ne yake yin aikin mata uku da hannu biyu da ƙafa biyu.

"Wannan ya iya daka," na ce. "Ba ya gaggawa. Ka ji inda yake barin gurbi? Nan ne ake tafawa."

"Mama, a ina kika san wannan?"

"Kafin a haife ka nake yi. Mayar da shi baya in sake ji."

Ban zo nan in yi fatawa ba. Iyakar karatuna sakandare da islamiyya, na kuma san malamai sun yi magana a kan kiɗa, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, ba ni da ilmin raba su. Na sa ya fassara min waƙoƙin. Waɗanda na ji batsa a ciki ko wasa da sunan Allah na ce kada in ƙara jin su a gidana, bai musa ba, ya ware su. Sauran yawanci kukan talaka ne: aikin masana'anta, yaƙi, kewar gida. Daga ranar, bayan azahar sai in shiga da tire, ya ci, mu saurari fuska ɗaya ta faifai. A hankali ya buɗe labule, ya koma darasinsa, ya koma baranda. Da aka fara rataya farar tuta a tagogi, alamar gidan da abinci ya ƙare, shi ne yake zagaya benayen da ke kusa da kulolin da na zuba, yana kai wa ɗalibanmu 'yan Najeriya da kuɗin gida ya yanke musu. Da ƙungiyar ta fitar da faifan ƙarshe, wanda suka ƙarasa da wani matashin mai ganga, musu ya tashi a baranda, Pak Cik ya ce shara ne, yaron ya ce a yi masa adalci. Sai na ji an ce a tambayi Mama. Na gyara mayafi na leƙa.

"Sabon mai gangar yana da ƙarfi," na ce, "amma dakan mai jin yunwa yake yi. So yake ya gama. Sai dai Pak Cik, a maganar mawaƙa kai ne ba ka da gaskiya. Na farkon yana cinye baƙaƙe, na biyun ne yake fitar da kowane harafi."

Dattijon ya dafe kai yana dariya, ya ce an haɗa masa kai uwa da ɗa. Har yau kuma ra'ayina bai canja ba.

A cikin wannan farin cikin ne wata la'asar Pak Cik ya fito da jitarsa, yaron ya jera bokitan wanki da faifan robarsa, suka buga wata tsohuwar waƙar rok ta Malayawa mai sanyi. Mutane suka fito barandu suna tafi, har da wata tsohuwa 'yar Sin da ke samanmu. Ilham ta ɗauka a waya, ta tura wa wata 'yar baffanta don ta yi alfahari da yayanta. Kafin gari ya waye a Kano hoton ya gama zagaya dangi.

La'asar ɗinmu hantsinsu ne. Washegari Alhaji ya kira ta bidiyo, na gan shi zaune a falon Hajiya, yayansa Alhaji Sani a gefe, Hajiya a kan darduma a bayansu. Ya ce a kira masa Mukhtar. Yaron ya zo ya durƙusa a gaban wayar da na jingina da filas.

"Jikan limamin unguwa guda," in ji Alhaji, "a baranda da bokiti kamar ɗan tashe! A gidanmu ka taɓa jin makaɗi? Abin da na kai ka ka koyo ke nan?"

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Karatun ya isa haka. Ranar da aka buɗe hanya za ka dawo Kano ka zauna a shago a Kwari, a gaban Baffanka. Ke kuma Maman Ilham, ki karɓi sandunan nan ki karya, faya-fayen ki zuba a shara."

"To, Abba," in ji yaron, kansa a ƙasa.

Alhaji bai tambaye ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tunda muka yi aure bai taɓa jin na sa baki a maganar wannan yaron ba, ko ta alheri ko ta tsiya. Ya riga ya kai hannu zai kashe wayar. Na dubi ƙeyar yaron, na ga wuyan da bai gama mayar da namansa ba. Na san idan aka cire shi daga karatu, aka raba shi da abin da ya tashe shi daga kan gado, aka ajiye shi a shago ana nuna shi ana cewa ga makaɗin Malesiya, bangon nan zai koma ya fuskanta, kuma a can babu mai tura ƙofa.

"Alhaji, ina da magana a kan Mukhtar."

Sai muryar Hajiya daga baya:

"Wa ya yi magana? Sunan wa na ji a bakinta?"

"Ni ce, Hajiya. Ki gafarce ni. Alhaji, kai minti biyu ka gani a waya, ni shekara nake gani. Yaron nan bai taɓa bari kiɗa ya haɗu da kiran salla ba. Shi yake fita cefane cikin cutar nan, ya dawo ya yi wanka kafin ya taɓa ƙanwarsa. Shi yake hawa bene da kula yana ciyar da 'ya'yan mutane. Ya kwanta a ɗakin can har na ji tsoron kada in rasa shi, ban faɗa maka ba don kana nesa babu abin da za ka iya. Da wannan abin ya tashi. Ba zan karya ba. Idan Allah ya dawo da kai ka gani da idonka, ka ga ya dace, ka karya da hannunka, gidanka ne, ɗanka ne. Amma ina roƙonka kada ka yanke masa karatu a kan abin da ba ka gani ba."

Ban ɗaga murya ba. Masu cewa na ɗaga ba sa wurin. Alhaji Sani ya yi salati ya kawar da kai. Hajiya ta matso har fuskarta ta cika wayar.

"Ni na yaye shi, ni na goya shi, yau ke za ki gaya min wane ne shi? Ashe ruwan can har kunya yake wankewa."

Aka kashe wayar.

Na biya, kuma ba kaɗan ba. Alhaji ya daina kirana, sai ya kira wayar Ilham ya tambayi lafiyar gida. Haka muka yi azumi, haka muka yi salla. Goggo ta aiko min da saƙon murya, gajere, ta ce ba haka ta raine ni ba. Abin da ya fi min ciwo Hajiya ce. Matar nan ta riƙe ni kamar 'yarta, ita ta yi min wankan jego. Na kira ta ba sau ɗaya ba ina neman gafara a kan ɓacin ranta, takan ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, amma ba da muryar da na sani ba. Kafin a buɗe hanya ta rasu. Ban sake ganin ta ba, ban kuma sake jin ta kira ni 'yar nan ba. Wannan ina ɗauke da shi, ina yi mata addu'a a kowace salla. Ita a kan gaskiyarta take, abin da ta sani ta kare. Ni ma abin da na gani na kare.

Da aka sassauta, Alhaji ya dawo, ya yi zaman killacewa a otal, sannan ya iso gida. Ya rame, rasuwar ta taɓa shi. Bai tayar da maganar ba, mu ma ba mu tayar ba. Yaron ya ajiye sandunansa a kan teburin falo, inda uban zai gani, ya bar su a nan. Alhaji yana wucewa ta gabansu safe da yamma bai taɓa su ba. Kallo yake yi, irin kallonsa na ɗan kasuwa da yake juya yadi kafin ya yi magana. An buɗe masallacin ƙasa da tazara, suna sauka tare. Wata rana sun dawo daga magariba muna cin abinci, ya ce:

"Tsohon nan ladani akwai murya, ma sha Allah. Mutumin kirki. Irin waɗannan ya kamata yaro ya riƙa zama da su."

"Abba, ai shi ne mai jitar," in ji Ilham.

Alhaji ya tsaya da cokali a hannu. Ya dube ta, ya dubi yaron, ya dube ni. Ni dai na ci gaba da zuba miya. Can sai ya ƙarasa abincinsa.

Kada wani ya ce muku daga nan ya sauko ya so kiɗa. Bai taɓa saurara ba har ya koma ga Allah. Washegari da hantsi ya kira mu falo, ya ɗauki sandunan ya jujjuya su, ya miƙa wa yaron.

"Za ka ƙarasa karatunka. Waɗannan kada in gan su a falo, kada in ji su, kada a sake ɗaukar ka a waya. Kuma ba don kai ba ne. Uwarka ce ta yi magana a kanka, abin da ban taɓa ji ba. Wanda bai saba roƙo ba idan ya roƙa, ana dubawa." Sai ya juyo gare ni. "Ke kika ɗauka. Idan ya lalace, ke za ki amsa."

"Na ɗauka, Alhaji," na ce.

Ya sa takunkumi ya fita duba shagunan mayafai, ya ga waɗanda suka tsira. Na shiga kicin na zauna a kujera 'yar tsugunne ina gyaran alayyafo. Sai ga yaron ya shigo. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ƙaton saurayi ya naɗe ƙafafu, ya jawo kwandon yana taya ni cire ganye, yana yi ba daidai ba, yana zubar da mai kyau. Na bar shi. Shi da yawanci da Turanci yake amsa min, ranar da Hausa ya yi magana, Hausar gidan Hajiya, bai ɗago kai ba.

"Mama, ranar da Abba ya ce in koma, ni ba Kano na ji tsoro ba. Tsorona a ce in tafi, ke kuma ki tashi ki haɗa min kaya."